Charles Coulomb: Injiniyan soja da ya auna gogayya a filin ƙera jiragen ruwa

Duk ɗalibin kimiyya da ya zauna ajin sakandare ya ci karo da sunan Coulomb, domin da shi ake kiran ma'aunin cajin lantarki. Abin da ba kasafai malamai ke faɗa ba shi ne, tun kafin mutumin ya shahara a fannin lantarki, ya riga ya yi suna a kan wata matsala ta leburori da masassaƙa: me ke sa abu mai nauyi ya cije idan aka zo jan sa a kan wani, kuma ƙarfi nawa ake bukata kafin ya motsa?

An haifi Charles-Augustin de Coulomb ranar 14 ga Yuni, 1736, a garin Angoulême na ƙasar Faransa. Ya kammala makarantar injiniyoyin soja ta Mézières a 1761. A 1764 aka tura shi Martinique, wani tsibiri a yankin Karibiyan da arzikinsa ya dogara ga rake da gumin bayin da aka kwaso daga Afirka. Faransa ba ta daɗe da karɓo tsibirin daga hannun Ingila ba, don haka ta ɗora masa aikin gina ganuwar Fort Bourbon. Shekara takwas ya yi a can, ya komo gida a 1772 da jikin da zazzaɓi ya raunana, bai kuma sake samun cikakkiyar lafiya ba har ƙarshen rayuwarsa.

A 1779 aiki ya kai shi Rochefort, inda rundunar ruwan Faransa ke ƙera jiragenta. A lokacin, Cibiyar Kimiyya ta birnin Paris ta sanya gasa kan gogayya da taurin igiya, tana neman gwaji mai girma wanda zai amfani masu aikin jirgi. Dalili a fili yake. Jirgin da aka gama ƙerawa a tudu, sai an zame shi bisa katako ya gangara cikin ruwa, idan kuwa ya cije a hanya, an shiga uku.

Wani Bafaranshe mai suna Guillaume Amontons ya riga ya bayyana a 1699 cewa gogayya tana ƙaruwa daidai da nauyin da aka ɗora, kuma faɗin wurin da abubuwa biyu suka haɗu bai cika canza ta ba. Coulomb bai ɗauki maganar haka nan ba. Ya kafa doguwar shimfiɗar katako, ya ɗora mata wani katakon da ake lafta wa kaya, ana jan sa da igiya mai rataye da nauyi. Ya gwada katako a kan katako, ƙarfe a kan katako, ƙarfe a kan ƙarfe, wani lokaci a bushe, wani lokaci an shafa kitse.

Sakamakon ya gaskata Amontons, ya kuma ƙara a kai. Tayar da abu daga tsaye ya fi ci gaba da jan sa wuya. Mafi ban sha'awa, ya gano cewa daɗewar abu a ajiye tana ƙara masa cijewa: katako a kan katako yakan kai iyakar riƙonsa cikin 'yan mintuna, amma katako a kan ƙarfe sai ya ɗauki kwanaki yana ƙara kamawa. Duk wanda ya taɓa ture tsohuwar kabad da ta shekara a lungu ɗaya ya san wannan da kafaɗarsa, Coulomb dai shi ne ya sa masa lissafi. Aikin ya ci kyautar Cibiyar a 1781, a shekarar kuma aka zaɓe shi mamba.

Bayaninsa kan musabbabin gogayya bai kai awonsa ƙarfi ba. Ya ɗauka ƙananan tudu da kwari na fuskokin biyu ne ke sarƙewa kamar gashin buroshi biyu. Sai a tsakiyar ƙarni na 20 Frank Bowden da David Tabor na Jami'ar Cambridge suka nuna cewa fuskokin a ƙananan ɗigo kaɗai suke taɓa juna, a nan suke mannewa, a nan kuma zaizaya ke farawa. Duk da haka, masu ƙera birki da masu auna santsin rufi irin na Teflon har gobe da lissafin da ke ɗauke da sunansa suke fara aiki.

Tsayuwarsa kan abin da awo ya nuna ta taɓa jawo masa wulaƙanci. A 1783 an sa shi cikin masu duba wani shirin haƙa hanyoyin ruwa a lardin Brittany, ya ce shirin tsada ne marar riba. Masu ƙarfi ba su ji daɗi ba, aka kulle shi mako guda.

Daga 1785 ya fara fitar da bincikensa kan lantarki da maganaɗisu. Da juyin juya halin Faransa ya yi zafi, ya koma wani ɗan gidansa kusa da Blois. Ya dawo Paris a 1795, aka naɗa shi sufeton ilimi a 1802. Ya rasu ranar 23 ga Agusta, 1806, yana da shekara 70, kuma sunansa na cikin sunaye 72 da aka rubuta a jikin hasumiyar Eiffel.