Jim Reeves: Mawaƙin Texas da muryarsa ta sami gida a Najeriya

A ranar 31 ga watan Yulin 1964 ne wani ƙaramin jirgin sama ya faɗi a cikin daji kusa da birnin Nashville na ƙasar Amurka, inda mutane biyun da ke ciki suka mutu nan take.

Wanda ke tuƙa jirgin shi ne Jim Reeves, ɗaya daga cikin fitattun mawaƙan kiɗan karkara na Amurka, wato kiɗan da ake kira Country. Yana da shekara 40 da haihuwa.

Sai dai mutuwar ba ta kawo ƙarshen tashensa ba. Faya-fayansa sun ci gaba da karɓuwa a Turai da Indiya da Afirka, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi riƙe shi hannu bibbiyu.

Da wuya a sami wanda ya yi samartaka a shekarun 1970 kusa da akwatin rediyo, ko a Ƙofar Marke ta Sakkwato ko a Fagge ta Kano, wanda wannan murya mai kauri da taushi ba ta taɓa ratsa kunnensa ba, ko da kuwa bai san sunan mai ita ba.

Maraya ɗan manoma

An haifi James Travis Reeves ranar 20 ga watan Agustan 1923 a ƙauyen Galloway da ke kusa da garin Carthage, a gabashin jihar Texas. Shi ne auta a gidansu.

Iyayensa ƙananan manoma ne, kuma mahaifinsa ya rasu tun bai cika shekara guda a duniya ba. Mahaifiyarsa ce ta ci gaba da ɗawainiyar yaran da aikin gona.

Ko da yake ya koyi kaɗa jita tun yana yaro, burinsa na farko shi ne ya yi suna a wasan ƙwallon nan na Amurka da ake kira baseball. Ƙwarewarsa a jifan ƙwallo ta sa ya sami gurbin karatu a Jami'ar Texas, amma bai daɗe ba ya bari.

Ya yi wasa a ƙananan ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin kulob ɗin St. Louis Cardinals, har zuwa 1947 lokacin da raunin da ya ji a ƙafa ya raba shi da fili. A wannan shekarar ce kuma ya auri Mary White.

Daga nan sai ya koma aikin gabatar da shirye-shirye a gidan rediyo, da farko a garin Henderson na Texas, daga baya kuma a tashar KWKH da ke Shreveport a jihar Louisiana.

Wannan aiki ya koya masa abin da ya zame masa jari daga baya: furta kowace kalma dalla-dalla, da sanin yadda ake sarrafa murya a gaban makirfo.

Sauya salo

Tashar KWKH ce ke watsa shirin Louisiana Hayride, wanda ya fito da mawaƙa irin su Hank Williams da Elvis Presley. A nan ne Reeves ya tashi daga mai gabatar da mawaƙa ya koma mawaƙi.

Waƙarsa mai suna Mexican Joe ta zo ta ɗaya a jerin waƙoƙin Country a 1953, sannan Bimbo ta biyo baya. A 1955 ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin RCA Victor, ya kuma shiga shirin Grand Ole Opry na Nashville.

A wancan lokaci yana rera waƙa ne da ɗaga murya, kamar yadda mawaƙan Texas suka saba. Amma zamani ya zo da sauyi, domin kiɗan rock and roll ya kwashe hankalin matasa, kasuwar Country kuma ta fara ja da baya.

A 1957, tare da mai shirya masa waƙoƙi Chet Atkins, Reeves ya ɗauki waƙar Four Walls ta wata hanya daban. Ya matso dab da makirfo, ya sassauta murya kamar mai yi wa mutum ɗaya magana. Aka janye gogen Turawa mai tsinin sauti, aka maye gurbinsa da piyano da 'yan amshi masu sanyin murya.

Wannan salo shi ne aka sani da sautin Nashville. Masu ra'ayin riƙau sun yi ƙorafin cewa an raba kiɗan da asalinsa na ƙauye don a burge mutanen birni. Duk da haka salon ya ceto kasuwar, ya kuma buɗe wa kiɗan ƙofar ƙasashen waje.

Babbar nasararsa ta zo ne da He'll Have to Go, wadda ta fito a ƙarshen 1959. Labarin wani mutum ne da ke magana da masoyiyarsa ta wayar tarho, alhali ya san akwai wani namiji tare da ita.

Kamfanin ya sanya ta ne a bayan faifai, amma ma'aikatan rediyo suka juya faifan suka fi son ta. Ta yi mako 14 tana kan gaba a jerin waƙoƙin Country a 1960, ta kuma kai matsayi na biyu a jerin waƙoƙin Amurka baki ɗaya.

Afirka ta Kudu

A 1962 Reeves ya kai ziyarar wasa Afirka ta Kudu tare da Chet Atkins da makaɗin piyano Floyd Cramer, inda ya sami gagarumar tarba. Ya rera waƙoƙi da harshen Afrikaans, sannan ya koma a 1963 ya fito a fim ɗin Kimberley Jim.

Wannan babi na rayuwarsa yana da nauyi ga mai sauraro ɗan Afirka. Ziyarar ta zo ne shekara biyu bayan kisan mutum 69 a Sharpeville, a lokacin da gwamnatin wariyar launin fata ta hana mawaƙiya Miriam Makeba komawa ƙasarta.

Amma abin mamakin shi ne, baƙaƙen fata a sassa da dama na nahiyar, daga Kenya zuwa Najeriya, su ne suka fi daɗewa suna sauraronsa.

Dalilan ba su da wuyar ganewa. Turancinsa a bayyane yake, ta yadda ɗan sakandare zai iya bin labarin waƙar daga farko har ƙarshe. Jigoginsa kuwa su ne kewar gida, da rabuwa, da riƙon alkawari, da tuna mutuwa, cikin lafazin da ba ya sa a ji kunya a gaban manya.

Ga wanda ya tashi da jin waƙoƙin noma irin waɗanda Musa Ɗanƙwairo ya fara da su, mawaƙin da ke ba da labarin talaka da gonarsa da zuciyarsa ba baƙo ba ne.

Hatsari da abin da ya biyo baya

A ranar da ya mutu, Reeves na dawowa ne daga Batesville a jihar Arkansas tare da makaɗin piyanonsa Dean Manuel. Sun shiga hadari mai ƙarfi dab da Nashville, jirgin ya faɗi a yankin Brentwood.

Sai bayan kimanin awa 42 aka gano tarkacen jirgin. Mawaƙa irin su Marty Robbins da Ernest Tubb na cikin waɗanda suka shiga nema. An binne shi kusa da Carthage, mahaifarsa.

Matarsa Mary ta ci gaba da fitar da waƙoƙin da ya bari, ana ƙara musu sabon kiɗa. Ɗaya daga ciki, Distant Drums, ta yi mako 5 tana kan gaba a Birtaniya a 1966, a daidai lokacin da ƙungiyar Beatles ke tashe.

A 1967 aka sanya sunansa a zauren karrama gwarzayen kiɗan Country. A 1981 kuma aka haɗa muryarsa da ta Patsy Cline ta hanyar na'ura, ita ma ta mutu ne a hatsarin jirgin sama a 1963.

Faya-fayan da suka cancanci saurare

Mai son sanin Reeves zai fi kyau ya fara da The Best of Jim Reeves na 1964, wanda ya tattara manyan waƙoƙinsa. A Touch of Velvet na 1962 da Moonlight and Roses na 1964 sun nuna salonsa mai taushi a lokacin da ya nuna sosai.

We Thank Thee na 1962 kuwa waƙoƙin addinin Kirista ne, kuma shi ne dalilin da ya sa ake yawan jin muryarsa ranar Lahadi a gidajen Kiristocin Najeriya.

Don fahimtar zamaninsa, akwai waƙoƙin Hank Williams, wanda ya mutu a 1953 yana da shekara 29, domin su ne salon da Reeves ya baro. Akwai kuma Gunfighter Ballads and Trail Songs na Marty Robbins na 1959, da Showcase na Patsy Cline na 1961, da At Folsom Prison wanda Johnny Cash ya ɗauka a gaban fursunoni a 1968.

Modern Sounds in Country and Western Music na Ray Charles, na 1962, ya nuna cewa kiɗan ba mallakar farar fata kaɗai ba ne, abin da Charley Pride ya ƙara tabbatarwa a kamfanin RCA daga 1966.

Don Williams, wanda ya rasu a 2017, da Kenny Rogers, wanda ya rasu a 2020, sun yi farin jini sosai a Najeriya a zamanin kaset. Amma hanyar da suka bi zuwa kunnen masu sauraro a Afirka, Jim Reeves ne ya share ta.