Oumarou Ganda, ɗan dakon Abijan da ya ɗaga sunan Nijar a harkar silima

Duk wanda ya san Yamai ya san gidan al'adu na CCOG, amma yaran yanzu da yawa ba su san mai sunan ba. To, yau tarihinsa muka kawo muku.

An haifi Oumarou Ganda a Yamai a 1935, Bazabarme ne. Yana matashi ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indoshin. Da ya dawo gida bai samu aikin yi ba, sai ya tafi cin rani Abijan, ya kama dako a tashar jiragen ruwa. A can ya haɗu da Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ya ba shi babban matsayi a fim ɗin Moi, un Noir na 1958.

Da ya komo Yamai, ya koyi aikin kyamara a gidan al'adun Faransa da Nijar. Fim ɗinsa na farko, Cabascabo, labarin tsohon soja ne da ya dawo da ɗan kuɗi, abokai suka taya shi cinyewa suka watse. An nuna shi a bikin Cannes a 1969. Daga nan sai Le Wazzou polygame, kan wani Alhaji da ya auri yarinyar da aka yi wa wani alkawarinta. Wannan fim ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. Saïtane ya biyo baya, sannan L'Exilé a 1980.

Kar fa mu ɗauka abin ya zo masa da sauƙi. A wancan lokaci sai an aika fim Faransa a wanke shi, kuɗin aiki kuma sai an nemo tallafi. Gidajen silima na yankin ma kamfanonin Faransa biyu, COMACICO da SECMA, suka daɗe suna riƙe da su, abin da suke nunawa kuwa finafinan Indiya ne da na kaboyi. Ka gama fim, ba ka da tabbacin mutanen garinku za su gan shi.

Ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981, daidai lokacin da talabijin ke shiga gidaje. Bayansa bidiyo ya zo, gidajen silima suka yi ta rufewa, finafinan Kano suka cika kasuwannin Maraɗi da Damagaram. Yanzu kuma komai ya koma waya, ƴan wasanmu na kukan ba a san inda riba za ta fito ba. Kukan gaskiya ne, sai dai ba sabo ba ne. Ganda bai taɓa ganin ranar da sana'ar ta zauna daram ba, amma ya yi finafinansa da harshen gida, kan matsalolin gida. Har yau FESPACO na ba da kyauta da sunansa ga wanda ya yi fice a fim ɗinsa na farko.

Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.