Max Theiler: likitan rigakafin shawara da ɓeran da ya shanye

Duk matafiyin da aka taɓa tsayarwa a filin jirgin Yamai ko kan iyaka aka nemi katin rigakafin zazzaɓin shawara, ya ci moriyar aikin Max Theiler. Amma akwai wata ƙwayar cuta ta ɓeraye da ke ɗauke da sunansa, wadda masana ke nazari har yau don gane yadda jijiyoyin ɗan Adam ke lalacewa.

An haifi Theiler ranar 30 ga Janairun 1899 a Piretoriya, Afirka ta Kudu. Mahaifinsa, Arnold Theiler, likitan dabbobi ne ɗan asalin Suwizalan. Max ya fara karatun likita a Cape Town, ya kammala a Landan a 1922, daga nan ya wuce jami'ar Harvard ta Amurka.

A can ya duƙufa kan shawara. Cutar ta kama shi a ɗakin bincike a 1929, ya warke. A 1930 ya nuna cewa ana iya sa wa ɓera cutar ta hanyar allura a ƙwaƙwalwa. Kafin nan birai ake amfani da su, ga tsada ga haɗari, sai ɓera ya sauƙaƙa aikin. A shekarar ce ya koma Gidauniyar Rockefeller da ke New York.

Ƙwayar da ya yi aiki da ita an samo ta ne a 1927 daga jinin wani mutumin Gana mai suna Asibi. Theiler da abokin aikinsa Hugh Smith suka yi ta renonta a naman ɗan tsakon da bai ƙyanƙyashe ba, har ta rasa ƙarfin kisa. A 1937 suka bayyana allurar 17D, wadda ake amfani da ita har yanzu. Ita ta ba shi lambar Nobel a 1951.

Ana cikin wannan aiki ne ya lura da wani ɓera da ƙafafunsa na baya suka shanye, alhali ba a sa masa komai ba. A 1934 ya ba da rahoton cewa wata sabuwar ƙwayar bairos ce sanadi. Dangin ƙwayar shan-inna ce: tana zaune a hanjin ɓera, tana yaɗuwa ta kashi, kuma da wuya ta kai ƙwaƙwalwa.

Daga baya aka gane iri biyu ce. Na farko, kamar GDVII, yana kashe ɓera cikin ƴan kwanaki. Na biyu, kamar DA, ba ya gaggawa. Da farko yana shiga ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa, garkuwar jiki ta taso ta kore shi daga can. Sai dai a wasu jinsunan ɓeraye ba ta gamawa da shi. Sauran ƙwayar na komawa cikin laka, ta ɓuya a wasu ƙwayoyin garkuwar jikin da kuma ƙwayoyin da ke haɗa mayelin, rigar kitsen da ke lulluɓe jijiya kamar robar wayar lantarki. Garkuwar jiki na ci gaba da kai hari wata da watanni, rigar tana zagwanyewa, saƙo ya daina wucewa yadda ya kamata. Ɓeran ya fara tangaɗi, ƙafafu su sandare. Gado na da hannu: jinsin SJL na kamuwa, jinsin C57BL/6 kuwa yana kawar da ƙwayar.

Howard Lipton ne ya fayyace waɗannan matakai biyu a 1975. Tun daga lokacin ake amfani da wannan ɓera wajen nazarin cutar MS ta mutane, wadda ita ma ke cinye mayelin, ta kuma fi kama matasa, musamman mata.

Theiler bai ga wannan ba. Ya koma jami'ar Yale a 1964, ya rasu ranar 11 ga Agustan 1972 a New Haven, yana da shekara 73.