Eric Liddell, Mai Tseren Yadi Ɗari

A cikin wasannin guje-guje na Turawa tseren yadi ɗari yana cikin waɗanda suka fi gajarta, a dā kuwa ya kan tara jama'a da yawa. Yadin nan shi ne wanda masu kanti su ke auna alawayyo da shi; ɗari nasa ya yi mita 91 da ɗan ɗori. A kan jera masu tsere a bakin layi, kowa da tasa hanya wadda aka raba da igiya, a harba bindiga, kafin mai kallo ya gyara tsayuwarsa an gama. Da sakan a ke lissafinsa, har da gutsuren sakan, gama taki guda ya isa ya raba na fari da na ƙarshe.

A shekara ta 1886 wani baƙin mutum, Arthur Wharton, haifaffen Akara ta ƙasar Gana, ɗan mai wa'azin Metodis, ya yi shi cikin sakan 10 daidai a filin Stamford Bridge na birnin Landan, sunansa ya tashi. Daga baya mutanen Amurka suka yi ta ragewa kaɗan kaɗan. Charles Paddock ya yi 9.6 a 1921, Frank Wykoff 9.4 a 1930, Jesse Owens ya cim masa a 1935, Bob Hayes ya yi 9.1 a 1963, kāna Ivory Crockett ya yi 9.0 a 1974. A 1976 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta bar rubuta gwanintar wannan tsere, mita ɗari ta gaje shi. Mutumin da za mu ba da labarinsa bai kai waɗansu cikin waɗannan sauri ba, amma a zamaninsa yana cikin 'yan Birtaniya da suka fi kowa sauri, kuma abin da ya yi da saurin nan ya isa kowane Kirista ya tsaya ya duba.

An haifi Eric Liddell ran 16 ga Janairu 1902 a birnin Tiyanjin na ƙasar Sin. Ubansa James da uwarsa Mary mutanen Skotland ne, ma'aikatan Ƙungiyar Mishan ta Landan. Yana da shekara 6 aka sa shi, shi da wansa Robert, a makarantar kwana ta 'ya'yan masu bishara, wadda a ke kira Eltham, iyayen suka koma bakin aikinsu. Sai bayan shekaru ya kan ga fuskarsu. Yaro ne mai kunya, ba shi da yawan magana, amma a filin wasa ba a tarar da shi. A 1920 ya shiga jami'ar Edinbara domin koyon kimiyya. Ya yi wa Skotland wasan ƙwallon zari-ruga sau 7, sa'an nan ya bari domin ya ba da ƙarfinsa ga gudu.

Gudunsa ba shi da kyaun gani. Ya kan jefa kai baya, baki buɗe, hannuwa suna dukan iska, har masu koyar da gudu su riƙa girgiza kai. Duk da haka a watan Yuli na 1923, a filin nan na Stamford Bridge, ya ci yadi ɗari cikin sakan 9.7, abin da ɗan Birtaniya bai taɓa yi ba, aka kuwa yi shekara ashirin da 'yan kai ba wanda ya kamo shi a ƙasar. Cikin watan nan kuma, a garin Stoke, ana tseren yadi 440, wani ya banke shi ya fita hanya tun a farkon gudu. Ya ga alƙalai suna yi masa hannu ya ci gaba, ya bi bayan mutanen da suka ba shi ratar wajen yadi 20, ya wuce su duka, ya fāɗi a bakin igiya ba shi iya tsayuwa.

Halinsa a bakin layi shi ne abokan tserensa suka fi tunawa. A zamanin nan kowane mai gudu ya kan haƙa 'yan ramuka inda zai kafa ƙafa ya zabura. Liddell yana da ɗan cokalin haƙa. In ya gama nasa sai ya miƙa wa na kusa da shi, kāna ya bi su ɗaya ɗaya yana ba su hannu, yana yi musu fatan alheri. Ku lura, 'yan'uwa, waɗannan su ne mutanen da su ke neman ƙwace masa suna cikin sakan goma masu zuwa. Da yawa a cikinmu ba mu iya yi wa maƙwabcin rumfarmu a kasuwa rabin wannan.

A watan Afrilu na shekaran nan wani mai bishara, D. P. Thomson, ya roƙe shi ya yi wa mazajen garin Armadale magana a kan Almasihu. Tsayawa gaban jama'a ya fi masa kowane tsere wuya, amma ya yarda. Ba gwanin baki ba ne, muryarsa ƙasa ƙasa ta ke, sai dai mutane sun zo ganin mai gudu suka tarar da mutum wanda maganarsa da zamansa ɗaya ne. Daga ran nan bai ƙara ɓoye bangaskiyarsa ba.

Aka shirya wasannin Olimfik na 1924 a birnin Faris, dukan Birtaniya ta sa rai Liddell zai kawo mata zinariyar mita ɗari. Sa'anda tsarin ranaku ya fito, aka ga tseren share fage na mita ɗari ya faɗo ran Lahadi. Shi kuwa tun yarinta ya riƙe Lahadi ranar Ubangiji ce, ta sujada da hutawa. Ya ce ba zai yi ba. Ya bar tseren miƙa sanda kuma saboda wannan dalili. Waɗansu manya suka lallashe shi, waɗansu suka zarge shi da ƙin ƙasarsa. Bai yi gardama da kowa ba, bai kuwa kā da waɗanda za su yi gudu ran nan ba. Majigin da aka yi a kansa a 1981 ya nuna kamar yana bakin shiga jirgin ruwa ya ji labarin ranar. Gaskiyar ita ce ya sani tun da watanni, ya yanke shawara da sanyin kai, ya juya ya shiga koyon mita 400. A ganina gaskiyan nan ta fi majigin amfani garemu, gama wanda bai shirya amsarsa tun a ɗaki ba, da wuya ya same ta sa'anda idon mutane ke kansa.

Harold Abrahams, ɗan Ingila, shi ya ci mita ɗari cikin sakan 10.6. Liddell ya zo na uku a mita 200. Ran 11 ga Yuli aka yi tseren ƙarshe na mita 400, aka ba shi hanyar gefe ta waje, inda ba shi ganin kowa a gabansa balle ya auna gudunsa da nasu. Da safiyar ran nan ɗaya daga cikin masu tausar 'yan wasa ya ba shi 'yar takarda mai tuna masa da alkawarin da ke cikin 1 Sama'ila 2:30. Da aka harba bindiga ya zabura kamar tseren yadi ɗari ya ke yi. Masana suka ce lalle zai gaji kafin ƙarshe. Ya jefa kai baya, ya kai igiya cikin sakan 47.6, ya bar Horatio Fitch na Amurka a baya da nisa.

Kada mai karatu ya ɗauka Allah ya yi ciniki ne da shi, ya bar Lahadi a biya shi da zinariya. Sa'anda ya ƙi gudu bai san zai ci kome ba. Wannan mutum ɗin kuma, da wannan biyayya, shi ne za mu gani ya ƙare a tsare, nesa da iyalinsa.

Mako guda bayan tseren ya karɓi shaidar jami'a, aka sa masa rawanin ganye, 'yan makaranta suka ɗauke shi a kafaɗa suka ratsa titunan Edinbara. Ya yi shekara guda yana koyon tauhidi, ya ci yadi ɗari na Skotland karo na ƙarshe a 1925, sa'an nan ya tafi Sin yana da shekara 23, lokacin da ƙarfin mai gudu ke cika. Ya koyar da kimiyya da wasanni a wata makarantar mishan a Tiyanjin. Aka naɗa shi fasto a 1932, ya auri Florence Mackenzie, 'yar masu bishara daga Kanada, a 1934.

A 1937 yaƙi ya tashi tsakanin Japan da Sin. Ƙungiyarsa ta nemi ya bar birni ya tafi Shiyawujang, tashar ƙauye inda ubansa ya taɓa yin aiki, inda wansa Robert ke aikin likita. Ya daɗe yana addu'a a kai, gama sai ya bar mata da 'ya'ya a birni, amma ya tafi. Ya riƙa yawon ƙauyuka bisa keke, tsakanin sojan Japan da mayaƙan Sin, ana tare shi, ana bincikensa. Wata rana ya ji labarin wani mai rauni da aka yar a wani ɗakin tsafi kwana da kwanaki, mutanen gari suna tsoron taɓa shi kada sojan Japan su kashe su. Ya lallashi wani mai amalanke suka tafi suka ɗauko shi. A hanya aka gaya musu akwai wani kuma wanda aka sara da takobi a wuya aka bar shi a kan ya mutu. Suka ratse suka ɗauke shi, suka kai su biyun asibiti. Na farin ya mutu, na biyun ya warke.

A 1941 ya sallami Florence da 'yan matansu biyu, Patricia da Heather, zuwa Kanada, tana da ciki. Shi ya tsaya. A can aka haifi Maureen, wadda bai taɓa gani ba. A watan Maris na 1943 Japanawa suka tara Turawan da ke arewacin Sin, kusan mutum dubu biyu, suka kulle su a Weishiyan, cikin wata tsohuwar tashar mishan wadda tsawonta wajen yadi 200 ne, faɗinta 150.

A nan ne a ke sanin mutum. Abinci kaɗan, ɗaki a cushe, sanyi mai tsanani, attajiri da fasto da karuwa suna layi ɗaya domin ruwa. Mutane suka shiga ɓoye abinci da faɗa a kan tsinke, har da waɗansu masu bishara. Liddell ya kan tashi da asuba ya kunna 'yar fitilar man gyaɗa, ya karanta Littafi Mai Tsarki, ya yi addu'a, sa'an nan ya fita ɗaukar wa tsofaffi gawayi da ruwa. Ya kafa wa wata karuwa 'yar Rasha katakon ajiye kaya a ɗakinta, ita kuwa ta ce shi kaɗai ne namijin da ya taɓa yi mata abu ba da neman lada ba. Da babu littafin kimiyya, ya rubuta wa 'yan makaranta ɗaya da hannunsa. Yaran da aka raba da iyayensu suka riƙa kiransa Kawu Eric, ya yayyage zanen gadonsa yana ɗaure musu sandunan wasa da suka karye.

Wani abu ya faru a can wanda ya kamata a sa shi kusa da labarin Faris. Yaran suka roƙe shi ya yi musu alƙalancin wasa ran Lahadi, ya ƙi. Suka yi abinsu ba alƙali, wasan ya ƙare da dambe. Lahadi ta kewayo, sai ga shi a fili yana raba musu. Zinariyar duniya ba ta sa ya taka fili ran Lahadi ba, amma ya taka domin kada yaran da ke tsare su ji wa juna ciwo. Wanda ya karanta Markus 2:27 zai gane bai sāke ra'ayi ba. Tun farko Ubangijin ranar ya ke bi.

Ya koya wa samarin su yi wa masu tsaronsu addu'a, bisa ga koyarwar Matta 5. Ɗaya daga cikinsu, wanda Liddell ya ba tsofaffin takalmansa na gudu cikin sanyin hunturu, ya zama mai bishara a Japan shekaru da yawa bayan yaƙi.

A ƙarshen 1944 ciwon kai ya kama shi, tafiyarsa ta yi nauyi, maganarsa ta soma sarƙewa. Ya yi zaton gajiya ce, har ya damu ko bangaskiyarsa ce ta kasa. Ƙari ne a ƙwaƙwalwa, wanda babu mai iya yi masa aiki a wurin. Ran 21 ga Fabrairu 1945 ya rubuta wa matarsa wasiƙa, da maraice ya suma. Maganarsa ta ƙarshe ga mai jiyyarsa a kan miƙa kai ga Allah ce. Ya rasu yana da shekara 43. Aka binne shi a wani lungu na sansanin, aka kafa gicciyen itace. Labari bai kai ga Florence a Toronto ba sai watan Mayu. Ran 17 ga Agusta sojan Amurka suka sauko da laima suka buɗe ƙofar Weishiyan. A 1991 jami'ar Edinbara ta kafa masa dutsen tunawa a wurin, wanda aka sassaƙo daga tsibirin Mull na Skotland, da aya daga Ishaya sura 40 a jikinsa.