Duke Ellington: Masinjan gwamnati da ya riƙe tawagar makaɗa har shekara 50

A ƙarshen shekarar 1946, cikin 'yan makonni, manyan tawagogin kiɗan jaz da dama a Amurka suka watse. Benny Goodman da Harry James da Tommy Dorsey da Woody Herman duk sun sallami mutanensu, domin abin da ake samu a gidajen rawa ya daina isar albashin makaɗa 15 zuwa 18 da kuɗin safararsu. Duke Ellington bai sallami nasa ba. Ya karɓi jagorancin tawagarsa a 1924, ya riƙe ta har ranar mutuwarsa a 1974, kuma a shekarun da kasuwa ta mutu, da kuɗin haƙƙin mallakar waƙoƙinsa yake cike giɓin albashi. Dalilin wannan naci shi ne mabuɗin fahimtar rayuwarsa da fayafayan da ya bari.

Ɗan babban birni

An haifi Edward Kennedy Ellington ranar 29 ga Afrilu, 1899, a Washington, babban birnin Amurka. Mahaifinsa, James Edward Ellington, ya yi aikin hidima a gidan wani likita, wani lokaci kuma akan ɗauke shi aikin liyafa a fadar White House, daga bisani ya koma buga taswirorin aiki ga rundunar sojin ruwa. Mahaifiyarsa, Daisy, ta tarbiyyantar da shi kan tsafta da ladabi da sanin darajar kai, a zamanin da doka da al'ada suka ware baƙar fata daga makarantu da otal-otal da gidajen cin abinci na farar fata. Iya sa tufafi da kamun kansa ne suka sa wani abokinsa ya laƙaba masa Duke, wata sarauta ta Turawan Ingila, kuma sunan ya bi shi har kabari.

Ya fara koyon fiyano yana ɗan shekara bakwai, sai dai zane ne ya fara jan hankalinsa. Har gurbin karatun zane ya samu a cibiyar Pratt da ke Brooklyn, amma bai je ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi aikin masinja a rundunar sojin ruwa da kuma Ma'aikatar Harkokin Waje, yana kuma rubuta allunan talla, da dare kuwa yana kiɗa a wuraren biki. Ya auri Edna Thompson a 1918, suka haifi ɗansu Mercer a 1919. A 1923 ya koma New York da zama tare da abokansa na Washington, ciki har da makaɗin ganguna Sonny Greer.

Kowane mabushi da muryarsa

Babbar tawagar jaz ta ɗan yi kama da badujala ta fuskar kayan busa. Akwai sashen masu busa kakakin Turawa, da sashen masu tarombon mai zamewa gaba da baya, da sashen masu saksofon, sai kuma masu riƙe kiɗa: fiyano da ganguna da jita da bas, wato babban gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa. Yawancin masu tsara kiɗa na zamanin sashe suke rubuta wa, ta yadda kowane gwani zai iya zama a kujerar ya busa abin da ke takarda. Ellington kuwa mutum yake rubuta wa. A takardunsa sau da yawa sunan mabushin yake sa wa maimakon sunan abin busar, domin ya san yadda sautin kowa yake fita, ya san inda yake da ƙarfi da inda yake da rauni.

Bubber Miley da Joe Nanton sukan toshe bakin abin busarsu da roba, su fitar da sauti mai gurnani kamar muryar mutum, sai Ellington ya gina kiɗansa na farko a kan wannan. Johnny Hodges, wanda ya shigo a 1928, yana da saksofon mai taushi da jan sauti. Harry Carney, wanda ya shigo a 1927 yana ɗan shekara 17, shi ke busa babban saksofon mai kauri da ke zama ginshiƙin sautin tawagar. Duk wanda ya tafi, da wani yanki na kiɗan yake tafiya, sai an sake rubutu domin magajinsa.

A watan Disambar 1927 tawagar ta samu aiki a Cotton Club da ke unguwar Harlem, gidan shaƙatawa da baƙar fata ke kiɗa da rawa amma farar fata ne ke zama 'yan kallo. Wulaƙancin a fili yake, sai dai gidan yana da layin rediyo da ke kai kiɗan zuwa sassan Amurka. Kafin su bar wurin a 1931, sunan Ellington ya shiga gidaje masu yawa. A 1933 suka ƙetara zuwa Ingila, inda aka saurare su a matsayin masu fasaha. Da suka fara zagaya kudancin Amurka kuwa, inda otal ba ya karɓar baƙar fata, sai suka riƙa hayar taragon jirgin ƙasa mai wurin kwana, su ci su kwanta a ciki, ba tare da sun roƙi masauki daga kowa ba.

Minti uku a fuskar faifai

Faifan garmaho na lokacin yana juyawa sau 78 a minti, kuma kowace fuska ba ta ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti uku. Ellington ya mayar da wannan ƙunci horo. Ya koyi yadda zai buɗe kiɗa, ya bai wa mabusa biyu ko uku dama, ya rufe, duk cikin wannan ɗan taƙi, kuma ya lura da yadda makirufo ke sauya sauti. A "Mood Indigo" ta 1930 ya juya tsarin da aka saba, ya ɗaga tarombon sama, ya saukar da kilarinet ƙasa, aka samu wani launin sauti da ba a saba ji ba.

Duk da haka bai daina ƙoƙarin ƙetare iyakar ba. "Creole Rhapsody" ta 1931 ta cinye fuska biyu. Bayan rasuwar mahaifiyarsa a 1935, wadda ta girgiza shi matuƙa, ya rubuta "Reminiscing in Tempo" mai tsawon kusan minti 13 a fuska huɗu, wasu masu sharhi kuma suka yi mata ca, suna ganin makaɗin rawa ya wuce gona da iri.

Masana da yawa suna ganin tawagar ta kai ƙololuwa tsakanin 1940 da 1942. A lokacin ne ta haɗa Jimmy Blanton, matashin da ya mayar da bas abin da ke iya jan waƙa da kansa, da Ben Webster mai saksofon, da Billy Strayhorn, mai tsara kiɗa da Ellington ya haɗu da shi a Pittsburgh a ƙarshen 1938. Fayafayan da suka yi wa kamfanin Victor, irin su "Ko-Ko" da "Cotton Tail" da "Concerto for Cootie", har yau ana karantar da su. A 1941 rikici ya ɓarke tsakanin gidajen rediyo da ƙungiyar masu haƙƙin mallakar waƙoƙi, aka daina sa waƙoƙin Ellington a iska. Strayhorn da Mercer suka rubuta sababbi cikin gaggawa, aka kuma fito da "Take the A Train" ta Strayhorn, wadda ta zama taken tawagar. Blanton bai daɗe ba, tarin fuka ya kashe shi a 1942 yana da shekara 23.

Akwai wata shaida ta daban game da wannan zamani. Ranar 7 ga Nuwamba, 1940, wasu matasa biyu ma'aikatan faɗakar da manoma, Jack Towers da Dick Burris, suka kai na'urar yanka faifai wani gidan rawa a garin Fargo, suka naɗi kiɗan daren da izinin Ellington. Sai a 1978 aka fitar da shi kasuwa, har ya ci kyautar Grammy. A cikinsa ne ake jin yadda tawagar take a daren aiki na yau da kullum, babu agogon ɗakin naɗi a kanta.

A ranar 23 ga Janairu, 1943, ya gabatar da "Black, Brown and Beige" a zauren Carnegie, kiɗa mai kimanin minti 45 kan tarihin baƙar fata a Amurka tun daga bauta. Sai dai tun watan Agustan 1942 ƙungiyar ƙwadagon makaɗa ta hana mambobinta shiga ɗakin naɗi, saboda taƙaddamar kuɗi da kamfanoni. Sai a ƙarshen 1944 ya samu damar naɗar wasu ɓangarori, cikakken kiɗan daren kuwa bai fito kasuwa ba sai a 1977, bayan mutuwarsa.

Shekarun fari

Bayan yaƙi, harajin gidajen rawa da sauyin ɗanɗanon jama'a, waɗanda suka karkata ga mawaƙa da ƙananan ƙungiyoyi, suka durƙusar da manyan tawagogi. Ko Count Basie sai da ya rage tasa zuwa 'yan mutane kaɗan a 1950. A 1951 Hodges da Greer da mai tarombon Lawrence Brown suka bar Ellington a lokaci guda. A bazarar 1955 sai da ta kai shi ga raka wasan ninƙaya da kiɗa a New York. Amma ya ci gaba da biyan albashi, domin yana son duk abin da ya rubuta da dare ya ji shi washegari daga bakin mutanen da ya rubuta dominsu.

Salon shugabancinsa na haƙuri ne. Ya jure wa masu makara da mashaya da waɗanda ba sa ga maciji da juna, kuma ba kasafai yake korar mutum ba. Ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan da ya rabu da su shi ne Charles Mingus, a 1953, bayan wani faɗa da Juan Tizol. Wannan haƙuri bai wanke shi daga zargi ba. Wasu mabusansa sun yi ƙorafin cewa karin da suka ƙirƙiro ya zama waƙa mai kawo kuɗi da sunansa, kuma an daɗe ba a bai wa Strayhorn cikakken yabon da ya cancanta ba. Shi ma kansa ya ɗanɗana irin wannan, domin manajansa na farko, Irving Mills, ya sa sunansa a kan waƙoƙi da yawa kafin su rabu a 1939.

Sa'a ta dawo ranar 7 ga Yuli, 1956, a bikin jaz na Newport. A tsakiyar wani tsohon kiɗa na 1937, "Diminuendo and Crescendo in Blue", ya sakar wa mai saksofon Paul Gonsalves linzami, shi kuwa ya busa zagaye 27 a jere har taron ya miƙe tsaye. A watan da ya biyo baya hoton Ellington ya hau bangon mujallar Time, faifan bikin kuma ya zama wanda ya fi kowanne nasa kasuwa. Abin da masu saye ba su sani ba shi ne, an sake naɗar wani ɓangare na faifan a ɗakin naɗi, aka ƙara masa tafi. Gonsalves kuma ya kauce wa makirufon kamfanin Columbia, ya busa cikin na Muryar Amurka. Sai a 1999 aka haɗa naɗin biyu, aka fitar da kiɗan yadda ya faru.

Jakada mai fiyano

A 1963 Ma'aikatar Harkokin Waje, inda ya taɓa yawo da takardu, ta tura shi zagayen Gabas ta Tsakiya da kudancin Asiya: Siriya da Jodan da Afganistan da Indiya da Pakistan da Iran da Iraƙi da sauransu. Suna Bagadaza aka yi juyin mulki, kisan Shugaba Kennedy kuma ya katse tafiyar a watan Nuwamba. Daga abin da suka ji a hanya shi da Strayhorn suka tsara "Far East Suite". A 1971 ya zagaya Tarayyar Sobiyet.

Alaƙarsa da Afirka ta riga wannan. A 1947 gwamnatin Laberiya ta ba shi aikin tsara kiɗan cikar ƙasar shekara 100, ya rubuta "Liberian Suite". A 1966 ya kai tawagarsa Dakar, wurin bikin fasahar baƙar fata na duniya da Shugaba Senghor ya shirya, bikin da zagayensa na biyu shi ne FESTAC na 1977 a Legas da Kaduna. Togo ta sa hotonsa a kan sarki a 1967, shi kuma ya rama da "Togo Brava Suite". A 1973 ya je Habasha, inda Sarki Haile Selassie ya karrama shi.

A gida kuwa karramawa ta zo da jinkiri. A 1965 alƙalan sashen kiɗa na kyautar Pulitzer suka ba da shawarar a ba shi lambar yabo ta musamman, hukumar kyautar ta ƙi, ba a ba shi ba sai a 1999, shekara 25 bayan mutuwarsa. Amma ranar da ya cika shekara 70, a 1969, Shugaba Nixon ya shirya masa liyafa a fadar White House, ya ba shi lambar 'yanci ta shugaban ƙasa, a gidan da mahaifinsa ya taɓa yi wa baƙi hidima.

Mutanensa suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya. Strayhorn ya mutu a 1967, Hodges, wanda ya dawo tun 1955, ya mutu a 1970, Gonsalves kuma kwanaki kaɗan kafin shugaban nasa. Ellington ya mutu ranar 24 ga Mayu, 1974, a New York, sakamakon ciwon dajin huhu, yana da shekara 75. Fiye da mutum 12,000 suka halarci jana'izarsa. Harry Carney, wanda ya shafe shekara 47 a tawagar, kuma shi ke tuƙa shi a mota daga gari zuwa gari, ya bi shi a watan Oktoba na wannan shekarar.

Ya bar kiɗa fiye da 1,000, da tarin naɗe-naɗen da ya biya kuɗinsu daga aljihunsa ya adana, waɗanda aka ci gaba da fitarwa shekaru bayan mutuwarsa. Ɗansa Mercer ya gaji tawagar. Takardun kiɗansa kuwa tun 1988 suna ajiye a cibiyar Smithsonian da ke Washington, garin haihuwarsa, kuma a shafukansu har yanzu ana iya karanta sunayen mabusan da aka rubuta wa kowane layi.