Hans Christian Andersen: Ɗan mai wankau da tatsuniyoyinsa suka zagaye duniya

Duk ranar 2 ga Afrilu ake bikin Ranar Littattafan Yara ta Duniya. An zaɓi ranar ce saboda ita ce ranar haihuwar Hans Christian Andersen, marubuci kuma mawaƙi ɗan ƙasar Danmak.

An haife shi a garin Odense a 1805, a gidan da talauci ya yi wa katutu. Mahaifinsa ɗinkin takalma yake yi, ya kuma rasu yaron yana ɗan shekara 11. Mahaifiyarsa da wankau ta riƙe gida.

Yana da shekara 14 ya tafi Kopenhagen, babban birnin ƙasar, da burin zama ɗan wasan kwaikwayo, amma haƙarsa ba ta cimma ruwa ba. Jonas Collin, ɗaya daga cikin shugabannin gidan wasan kwaikwayo na sarki, shi ya samo masa tallafin karatu daga Sarki Frederick na Shida.

A makaranta ma bai huta ba. Ya girmi 'yan ajinsa da shekaru, shugaban makarantar kuma yana yawan muzanta shi, yana hana shi rubutu. Duk da haka a can ya rubuta waƙarsa kan yaron da ke bakin mutuwa, wadda aka buga a 1827.

A 1835 ya fitar da littafin tatsuniyoyinsa na farko. Masu sharhi sun kushe shi saboda ya rubuta yadda mutane ke magana a gida, amma yara suka karɓe shi hannu biyu.

Wahalar da ya sha ce ta zama jarinsa. Labarin ɗan agwagwa da 'yan'uwansa suka tsangwama saboda muni, daga baya ya zama kyakkyawan tsuntsu, kusan tarihin Andersen ne. Labarin yarinya mai tallar ashana da sanyi ya kashe a titi kuwa yana da nasaba da barar da mahaifiyarsa ta yi tana ƙarama.

Ya rubuta tatsuniyoyi fiye da 150, an fassara su zuwa harsuna sama da 100. Ya rasu ranar 4 ga Agustan 1875, bai taɓa aure ba. Tun 1956 ake ba marubutan littattafan yara babbar lambar yabo da sunansa.