Moss Kendrix: Mutumin Da Ya Sa Kamfanonin Amurka Suka Kula Da Baƙar Fata

Marigayi Moss Kendrix yana ɗaya daga cikin baƙar fata na farko da suka buɗe kamfanin hulɗa da jama'a a ƙasar Amurka. Aikin irin wannan kamfani shi ne ya tsaya tsakanin masu sana'a da mutanen gari, ya gaya wa mutane abin da kamfani yake yi, ya kuma gaya wa kamfani abin da mutane suke so da abin da ke ɓata musu rai.

An haife shi ran 8 ga watan Maris na 1917 a birnin Atlanta na Jihar Jojiya, a kudancin Amurka. A wancan zamani dokar wariyar launin fata tana da ƙarfi a wannan yanki, watau baƙi da Turawa ba sa haɗa makaranta, ko gidan cin abinci, ko kujerar mota. Ya yi karatu a Kwalejin Morehouse ta 'yan baƙar fata, ya sauke a 1939. Tun yana ɗalibi ya riƙe aikin editan jaridar kwalejin, kuma shi ne ya ƙago Makon Jaridun Baƙar Fata, domin mutane su san darajar jaridun da ke ba da labarinsu, tun da yake jaridun Turawa ba su cika ambatonsu ba sai in an yi laifi.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, aka ɗauke shi soja, aka tura shi Ma'aikatar Kuɗi. Aikinsa shi ne ya zaga ƙasa yana jawo hankalin baƙar fata su sayi takardun lamunin yaƙi, watau su ba gwamnati rance a biya su daga baya. Yakan tafi tare da mashahuran makaɗa irin su Duke Ellington domin jama'a su taru. A wannan yawo ne ya ga da idonsa cewa 'yan'uwansa, duk da ƙuncin da suke ciki, suna da abin hannu, kuma suna fitar da shi in an yi musu magana da mutunci.

A 1944 aka ba shi aikin yaɗa labarin bikin cikar ƙasar Laberiya shekara 100 da samun mulkin kai, bikin da aka yi a 1947 zamanin Shugaba William Tubman. Ya kuma kafa kamfaninsa a birnin Washington, ya sa masa suna The Moss Kendrix Organization.

A lokacin baƙar fatan Amurka sun kai wajen miliyan 15, amma manyan kamfanoni suna karɓar kuɗinsu ba tare da sun kula da su ba. In baƙin mutum ya fito a talla, to, galibi kuku ne, ko boyi, ko ɗan dako. Kendrix bai je wa masu kamfanoni da roƙo ba, sai ya je musu da lissafi. Ya nuna musu yawan mutanen da irin abin da suke saye, ya kuma bayyana musu cewa wanda aka wulaƙanta a talla zai kai kuɗinsa wani wuri.

Babbar nasararsa ta zo a 1948, sa'ad da kamfanin Coca-Cola, wanda hedkwatarsa take a Atlanta garin haihuwarsa, ya ɗauke shi aiki. Kamfanin yana da dalili, domin abokin gasarsa Pepsi ya riga ya kafa rukunin 'yan talla baƙar fata a 1947, yana ta kwashe ciniki. A shekarun da Kendrix yake ba Coca-Cola shawara, tallan kamfanin ya sake kama. A 1952 aka sa Alice Coachman, wadda ta ci lambar zinariya a wasannin Olamfik na Landan a 1948, a allunan talla tare da ɗan tsere Jesse Owens. A 1955 kuma wata ɗalibar kwaleji, Mary Alexander, ta fito a tallan kamfanin cikin shiga ta kamala. Ya ci gaba da aiki da Coca-Cola har farkon shekarun 1970. Ban da shi, ya yi wa kamfanin madara na Carnation da kamfanin motoci na Ford aiki.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kendrix bai yarda ya zama shi kaɗai ne baƙin da ke shiga ofisoshin manya ba. A 1953 ya jagoranci kafa ƙungiyar National Association of Market Developers a jami'ar baƙar fata ta Jihar Tennessee, wadda ta haɗa baƙar fata masu aikin talla da ciniki da hulɗa da jama'a. A nan ne na gaba yake koya wa na baya aiki, wanda ya ji labarin gurbi a kamfani kuma ya sanar da ɗan'uwansa. Har ila yau ya yi wa ƙungiyar likitocin haƙori baƙar fata da ƙungiyar malaman makaranta ta ƙasa aiki, yana kuma gabatar da shiri mako-mako a gidan rediyon WWDC na Washington.

Ya rasu cikin watan Janairu na 1989, yana da shekara 71. Takardunsa da hotunansa suna ajiye a gidan tarihin baƙar fata na garin Alexandria a Jihar Virginia.

Talla ba ita ta kawar da wariyar launin fata ba, wannan sai da aka yi gwagwarmaya har aka kafa dokar haƙƙin ɗan ƙasa ta 1964. Amma tun kafin dokar ta zo, Kendrix ya nuna cewa mutanen da aka raina, muddin sun san yawansu da nauyin cinikinsu, kuma suna da ƙungiyar da za ta yi magana da yawunsu, to, mai kaya ba shi da zaɓi sai ya saurare su.